Kafin ka ce wannan albam ɗin naka ne

Katin memori mai giga 4 yana ɗaukar waƙa wajen 800, in kowace ba ta wuce minti biyar ba. Kaset ɗin C60 da muka tashi da shi kuwa minti 30 ne kowane gefe. Amma tambayi mai katin nan wane albam ne nasa, sai ka ga ya tsaya yana ta latse-latsen waya, alhali mai kaset a da zai rera maka nasa tun daga farko har inda zare yake ƙarewa. Mu ma da sana'ar turi ta shigo mun ruɗu, muka riƙa miƙa wa mai shago waya muna cewa ya cika ta, muka tara abin da ba mu taɓa saurara ba. Shawarar nan, ƙannena, daga wannan asarar ta fito.

Albam ba ya zama naka sai ka ji shi a jere, yadda mai shi ya tsara. Ka kashe maɓallin nan da ke cakuɗa waƙoƙi, ka fara daga ta ɗaya. Waƙar da aka yi wa bidiyo aka tallata, ita ce tarkon, kusan kowa zai so ta. Gwajin yana tsakiya, daga ta huɗu zuwa ta takwas, inda mawaƙin da ya ƙare da abin faɗa yake fara maimaita kansa. Ka lura da yatsanka. In albam mai waƙa goma ne kuma kana tsallake huɗu, to waƙoƙi shida kake so, ka kwashe su ka bar sauran, kada ka sa shi cikin naka don kunya.

Ji ɗaya ba ya isa. Ka ji shi da abin kunne kai kaɗai, ka sake jin sa a lasifika kana wani aiki, sannan ka zauna ka bi kalmomin, ko da baiti biyu ne ka rubuta a takarda. Baitin da ya yi daɗi a kunne, wani lokaci in ka gan shi a rubuce sai ka tarar ba komai ciki sai "masoyiya" da "zuciya" da aka yi ta juyawa don amsa-amo ya daidaita. Kuma kada ka yanke hukunci da lasifikar waya. Ƙarama ce, ba ta iya fitar da ƙasan sauti, sai ta cinye rabin kalangu da ganga ta bar ka da murya da tsiwar fiyano.

Sai ka ba shi mako biyu. Waƙar da ake yayi ka ji ta a adaidaita sahu, ka ji ta gidan biki, ka ji amshinta na daƙiƙa 20 sau ba adadi a TikTok. Abin da kunne ya saba da shi sai ya ɗauka so ne. In yayi ya lafa kuma har yanzu kai da kanka kake nemo ta, to magana ta fara.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne su san me kunnensu yake fara kamawa. Wani kalma yake ji, wani murya, wani kiɗa, kuma nan ne hali yake fitowa. Mai son magana mai ciki, wanda habaici da zambo da kirari suke sa shi murmushi shi kaɗai, wurin makaɗan fada zai samu biyan buƙata, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotsonsu. Sai dai ga gargaɗi: Hausarsu ta yamma ce, ta ƙasar Sakkwato da Zamfara. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya, balle Kumasi, zai ji "munka" da "anka" da "shina", ya ji kalmomin da bai taɓa cin karo da su ba, ya ce waƙar ba ta yi masa ba, alhali rabinta kawai ya ji. Ka samu Bazamfare ko Basakkwace dattijo ku saurara tare, ya riƙa tsayar da ita yana warware maka. Zama ɗaya irin wannan yakan sauya wa mutum ra'ayi gaba ɗaya.

Wanda kuma hankalinsa ke kan rayuwar talaka da halin mutane, ya nemi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba tarin 'yan amshi, don haka ba inda kalma za ta ɓuya. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, akasin haka ne: kalangai, 'yan amshi, waƙa mai tsawo da take son mai haƙuri. Ke kuma ƙanwata, in kina son ki ji yadda mata suke magana in sun keɓe ba maza, amadar Barmani Choge da kiɗan ƙwarya tana nan. Akwai gurmin Haruna Uji, akwai kukuma da goge, akwai jitar Buzaye ta Agadas. Wanda ba ya jin kiɗa saboda addini ma ba a bar shi a baya ba, rubutattun waƙoƙin su Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi da murya zalla ake rera su. Ban kawo waɗannan don in ce tsohon abu ya fi sabo ba. Wanda yake ɗora Shata a sitatus don a ce yana da zurfi, alhali in ya kaɗaita nanaye yake ji, kansa kawai yake cuta. Nanaye mai kyau tana nan, kuma ba abin kunya ba ce.

Ga masu waƙar zamani akwai gwaji mai sauƙi. Ka kunna daƙiƙa goman farko na kowace waƙa a albam ɗin, ɗaya bayan ɗaya. In ka kasa bambance su, makaɗin situdiyo ne ya yi amfani da salo guda ya sauya gudu kawai. Sannan ka nemi bidiyon da mawaƙin yake rerawa a taro ko a hira, ba tare da na'urar gyaran murya ba. Wasu za ka ƙara girmama su, wasu kuma za ka gane kwamfuta kake so ba su ba.

Tsofaffin makaɗa kuma matsalarsu daban ce, domin yawancinsu ba su tsara albam irin na yau ba. An ɗauke su ne a gidan rediyo, ko a wurin wasa, ko a faifan garmaho, daga baya masu sayar da kaset suka harhaɗa yadda suka ga dama. Shi ya sa za ka samu waƙa ɗaya ta Shata iri biyu ko uku, baitoci ba ɗaya ba, don ba ya rera ta yau kamar yadda ya rera jiya. A nan kai ne za ka haɗa kundinka, kuma sai ka yi hattara da sunan da aka rubuta a fayil. Masu turi da yawa duk kiɗan kotson da suka ji sai su laƙaba wa wanda suka fi sani. Hanyar ganewa ita ce ka saurari wanda ake yi wa waƙar, don makaɗin fada ba ya rasa ambaton ubangidansa da garinsa. Narambaɗa, misali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Ka kuma kula da gudun zare. Kaset ɗin da aka kwafa da rikoda mai raunin batir ko sakakken bel yakan fito da murya ta yi kauri tana ja, ko ta yi siriri tana sauri. In ka samu kwafi biyu, ka ajiye wanda muryar ta fi kama da ta mutum yana magana, ko da ya fi ɗan shuu. Wanda aka yanke masa farko, ko wani ya yi ta cusa sunan shagonsa a tsakiya, ka share shi.

Girman fayil ma yana faɗa maka gaskiya. MP3 mai 128 (lambar da ke nuna ingancin sautin fayil, wato kbps) yana cin kusan mega ɗaya a minti, mai 320 kuma kusan biyu da rabi. Waƙar minti biyar da ba ta kai mega biyu ba an matse ta, kuma mayar da ita 320 ba ya dawo da abin da ya zube, wuri kawai za ta ƙara ci. Abin da ka sauke a cikin manhaja irin Audiomack ko Boomplay yawanci a cikinta yake zama, ranar da ka goge ta ya tafi. Katin jabu kuma zai nuna maka giga 32, ka yi ta zubawa, daga baya fayiloli su ƙi buɗuwa. In ka sayi sabo, ka cika shi taf da abin da kake da kwafinsa, sannan ka gwada na farko da na ƙarshe kafin ka amince masa.

Manhajojin nan suna kawo maka irin abin da ka riga ka ji ne, har da wanda ƙaninka ya ji da ya ari wayar. In ka biye musu, shekara za ta zagayo kana cikin mawaƙa uku. Wata-wata ka ɗauko albam ɗaya daga wajen abin da ka saba, ka yi masa gwajin nan.

Waƙar siyasa kuwa, komai daɗinta, kada ka gina kundi a kanta, zaɓe na wucewa ɗanɗanonta yake gushewa, wani lokaci mawaƙin ma ya sauya sheƙa. Haka wadda rabinta jerin sunayen masu liƙi ne, sai fa in mawaƙin ya iya sarrafa sunan har ya zama waƙa.

Albam biyar zuwa bakwai sun isa a kira su naka. Ka buɗe wa kowanne jaka da sunan mawaƙi da na albam, ka sa lamba a gaban kowace waƙa, 01, 02, har ƙarshe, don in ka rubuta 1, 2 kawai, wasu wayoyin da rediyon mota za su kawo ta 10 kafin ta 2. Sannan ka ajiye kwafi na biyu a wani wuri da ba wayar ba.