Godiya bayan fitowar sakamakon Oganik Kemistiri

Alhamdu lillahi, sakamako ya fito. Na haye kwas ɗin Oganik Kemistiri, wato ilimin sinadaran da ke ɗauke da kabon, kuma da makin da ba zan ji nauyin nuna wa kowa ba. Kafin murna ta ɗauke min hankali, bari in sauke hakkin mutanen da suke da hannu a ciki.

Na farko malamin da ya ɗauke mu kwas ɗin. Tun ba mu shiga ajinsa ba, waɗanda suka gabace mu sun gama karya mana gwiwa, wai kwas ne na hadda, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe abu sai ya shirya maimaitawa. Malam ya ƙi wannan magana tun ranar farko. Abu biyu ya kafa mana: kowace lanƙwasasshiyar kibiya da ake zanawa don nuna tafiyar elektron tana tashi daga inda elektron suka yi yawa ta sauka inda ake ƙarancinsu, sannan kabon ba ya riƙe haɗi fiye da 4, duk wanda ya zana masa na biyar zai gamu da jan biro. A kansu ya ɗora zangon gaba ɗaya. Dokar Markovnikov, wadda take nan tun 1870, take faɗin a kan wane kabon haidirojin zai sauka idan aka buɗe haɗi biyu da ke tsakanin kabon da kabon, bai bari mun rera ta ba, sai da ya nuna mana dalilinta: cajin fositif ya fi zama daram a kan kabon da wasu kabon suka kewaye, shi ya sa haidirojin yake zaɓar ɗaya gefen. Haka SN1 da SN2, hanyoyi biyu da wani sinadari yake maye gurbin wani a jikin kabon, da suke rikita kowa. A SN2 mai kai hari ta baya yake shigowa daidai lokacin da mai fita yake fita, sai siffar ta juye kamar laimar da iska ta birkice. A SN1 kuwa mai fita ne yake tafiya tukuna, ya bar kabon a shimfiɗe, a iya shigo masa ta kowane ɓangare.

Amfanin wannan ya bayyana a zauren jarrabawa. Malam ya kawo sinadaran da ba mu taɓa gani a allo ba, ya ce a nuna hanyar da za a bi daga wannan a isa wancan. Wasu sun fito suna cewa mugunta ce. Ni dai ban ga mugunta ba, tunda yana ba da maki a kan kowane mataki, ko da amsar ƙarshe ta kauce. Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sai Baba mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, wanda sunansa ba ya fitowa a takardar sakamakon kowa. Ranar gwajin haɗa sinadarin da ake kira Grignard, kafin mu iso ya riga ya gasa kwalabe sun bushe ƙayau, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kashe sinadarin, aikin yini ya tashi a banza. Ranar haɗa asfirin kuma ya tsaya a kanmu muna tacewa, muna sake narkarwa, muna busarwa. Tsantsar asfirin yana narkewa ne a wajen digiri 135 na Selsiyos, mai gauraye kuwa yakan fara narkewa ƙasa da haka, ya yi ta jan ƙafa. Da na wasu ya nuna gauraye, ya hana su gyara lamba a rahoto. Ya ce su rubuta abin da suka samu, su kawo dalili, a nan makin yake. Kuma haka aka yi. Baba, mun gode, Allah ya raya zuri'a.

'Yan rukuninmu na karatu, ban san ta inda zan fara ba. Musamman 'yar ajinmu da take zuwa da ƙwallayen roba da sanduna tana harhaɗa mana molekul. A takarda R da S, wato siffofi biyu na yadda abubuwa suke jeruwa a kewayen kabon, duk ɗaya suke a idona, sai da na riƙe abin a hannu, na ga kusurwar digiri 109.5 da ke tsakanin haɗe-haɗen kabon, na juya shi ta kowace fuska, sannan na yarda cewa abu da hotonsa na madubi suna iya zama sinadarai biyu daban. Yayyenmu na ajin gaba da suka ba mu tsofaffin tambayoyi, ku ma an yafe muku tsoratarwar farko.

Iyayena, Baba da Mama, ba ku taɓa tambayata mene ne zoben nan mai kusurwa shida da ya cika min takardu ba (benzin ne, Kekulé ya zana shi a 1865), amma addu'arku ba ta yanke ba, kuma kun ɗauke min hidimomin gida a makon jarrabawa. Allah ya ba ni ikon kyautata muku.

'Yan uwana da sakamakon bai zo musu da daɗi ba, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Littafin rubutuna da rahotannin gwajina suna nan ga mai so. Idan zango ya buɗe, ku neme ni mu zauna, mu fara daga asid da bes da tsarin sunayen sinadarai na IUPAC, ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, sannan mu shiga kibiyoyi.