Matakin Farko a Ilimin Falaki daga Sararin Katsina

Ilimin falaki kimiyya ce ta awo da lissafi: nisan taurari, tafiyarsu, da abin da aka yi su da shi. Ba ruwansa da duba ko faɗin sa'a.

Katsina na kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, don haka tauraron arewa yana digiri 13 sama da inda sama ta haɗu da ƙasa. Miƙa hannu ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, tauraron na ɗan sama da shi.

Fita bayan gari a daren da babu farin wata, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Kallon waya sau ɗaya yana rushe wannan. Ƙurar hunturu kuwa tana dusashe taurarin da ke ƙasa-ƙasa, shi ya sa daren da ruwa ya wanke sama ya fi.

Da madubin hangen nesa mai ido biyu mai lamba 7x50 (wato yana ƙara girman abu sau 7, faɗin gilashinsa milimita 50) za ka iya ganin watannin da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) har huɗu, ƙananan ɗigo a jere, muddin ka jingina gwiwar hannu a katanga, domin rawar hannu na ɓatar da su. Kada ka taɓa saita shi ga rana. Yana makantarwa nan take.