Abin da shagona na farko ya koya min game da wuri

Shagona na farko na gyaran waya ne, ina haɗawa da sayar da caja da batir da irin su, kuma wallahi har yau in na tuna yadda na kama wurin sai in ji abin ya tsaya min a rai. Dillali ya kai ni, na ga shago mai faɗi, sabon fenti, haya da sauƙi, ga shi a bakin babban titi motoci sai zirga-zirga suke yi, ko kwana ban yi ina tunani ba na biya kuɗin shekara. A lissafina tunda titi cike yake ai ciniki ya zo kenan.

Wata na farko na ce ai sabo ne ba a san da ni ba. Na biyu ma haka. Sai a na uku na fara fito da kujera ƙofa ina kallon titin da kyau, a nan na gane mai wucewa daban, mai tsayawa daban. Motocin nan a guje suke, babu inda mutum zai faka ko na minti biyu, ga shingen kankare a tsakiyar titi, wanda yake ɗaya hannun sai ya yi tafiya mai nisa ya juyo kafin ya iso ni, to wa zai sha wannan wahalar saboda caja? Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne hannun da nake na masu tafiya aiki ne da safe, kowa sauri yake kar ya makara, da yamma kuma lokacin da hankali ya kwanta mutum zai iya tsayawa ya saya, duk ta wancan hannun suke komawa gida. Ina zaune ina hango su.

Wani dattijo mai shago a kusa da ni ne ya fara buɗe min ido. Na ce Baba ni fa na rasa gane kan wurin nan. Ya ce ɗana, kai ne na uku a shagon nan cikin shekara biyu, da ka tambaye ni kafin ka biya da na gaya maka, arha ba ta ado. Tambaya ɗaya tak da ban yi ba, me ya sa na baya ya tashi.

Da zan sake neman wuri sai na ɗauki littafi da biro na je na zauna a wurare uku ina ƙirga masu tafiya a ƙafa, safe da rana da yamma, ranar aiki da ranar hutu, kusan sati guda ina wannan. Kuma ba ƙirga kai kawai ba, ina duba su waye, suna shiga shagunan wurin ko wucewa kawai suke, suna fitowa da kaya a hannu ko haka nan. Na koma da daddare in ga haske da tsaro, na koma ranar da aka yi ruwa, wuri ɗaya da na so sosai a nan na haƙura da shi don ruwa ya kwanta har bakin ƙofa.

Da can tsoron zama kusa da masu irin sana'ata nake, gani nake za su cinye min kwastoma. Ashe abin ba haka yake ba. Tun a 1929 wani masani a Amurka, Harold Hotelling, ya yi bayanin yadda masu sayar da abu iri ɗaya kan matso kusa da juna, kowa na son ya zauna inda zai fi kama masu saye. Na kuma gani da idona, mai lalatacciyar waya inda masu gyara suka taru yake nufa saboda ya san in wannan ba shi da kayan wancan yana da shi. Amma fa a kula, wannan ya fi aiki ga abin da ake zagawa a gwada kafin a saya. Mai aski ko mai wanki da guga kusa da gidajen mutane ya fi masa.

Maganar haya kuma yanzu ba na cewa tsada ko arha sai na raba kuɗin da kwanakin aiki, in ga kwastoma nawa nake buƙata kullum kafin haya ta fita. Sannan komai a rubuce da mai gida, tsawon zama, yaushe zai iya ƙara kuɗi, wa ke da gyara in rufi ya yi yoyo, an yarda in kafa allo ko a'a. Ka kuma bincika wajen hukuma ko an amince da kasuwanci a wurin, kar ka gama kashe kuɗi a zo faɗaɗa titi.

Shagon da nake yanzu bai kai rabin na farko ba, hayarsa ta kusa ninki biyu, amma a kwana yake dab da inda ake sauka daga mota, mutum kan miƙo min waya ya ce duba min kafin in dawo. Kwanaki na bi ta tsohon wurin na ga wani matashi yana ta fenti da murnarsa, na tsaya muka gaisa, na tambaye shi ko ya riga ya biya, ya ce tun wancan satin.