Fararen ƙudaje a bayan ganye

Yau da safe na ɗaga ganyen fashon furut ɗina, wata shuka mai yaɗo da ake shan 'ya'yanta, sai fararen ƙudaje suka tashi buu kamar an watsa toka. Ta sama ganyen lafiya lau, bayansa kuwa cike da ƙwai da 'ya'yansu, sun manne suna tsotse masa ruwa. Abin da ya fi sosa min rai shi ne danƙon da suke zubarwa. Tururuwa na ta safa da marwa a kansa, baƙar fumfuna har ta fara rufe ganyen ƙasa tana tare musu rana.

Da yamma zan fesa ruwan sabulu da man darbejiya ta bayan ganyen, in maimaita bayan mako, don feshi ɗaya ba ya gamawa da ƙwan. Wallahi furannin da ke shirin buɗewa nake jin tausayi.