Daga Kwangila zuwa gidan marayun birai

Motar albasa ce ta kai mu. Kawuna yana sauke kaya a Ikom, can jihar Kuros Riba, ya juyo da manja. Da ya ji ni da abokina Dakta, wanda ya karanta likitancin dabbobi a Samaru, muna shirin zuwa ganin inda ake ajiye biran da aka ƙwato, sai ya ce mu bi shi mu huta da kuɗin mota. Amma sai da ya yi mana dariya son ransa.

"Dakta, biri fa? Ka leƙa Sabon Gari mana, gardi ya sa masa riga yana rawa, ko sisi ba ka kashe ba."

Duk wanda ya tashi a Zariya ya san wannan kallo: jan biri da igiya a ƙugu, ko gwaggon biri da sarƙa, mai magani yana tara jama'a da shi kafin ya kwance jakar layu. Mun bi su lungu-lungu muna yara, daga Tudun Wada har Ƙofar Doka, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ina uwar birin take.

Bayan sallar asuba muka bar Kwangila. Kaduna, Akwanga, Lafiya, gadar Binuwai a Makurɗi, Gboko. Ba abin ba da labari sai zafi da shingaye da warin albasa da ya kama mana tufafi. Daga wajen Ogoja ne ƙasa ta fara sauyawa, itatuwa suka yi tsawo, iska ta yi nauyi. A bakin titi kuma aka fara ɗaga mana ƙyafaffen naman daji.

Inda muka tsaya yaron mota ya zuba ruwa a lagireto, wani saurayi ya matso da ɗan biri a cikin kwando, bai fi tafin hannu biyu ba, ya ƙanƙame wani tsumma. Tausayi ya kama Kawu, har ya sa hannu a aljihu. Dakta ya riƙe shi.

"Kawu, don Allah bari. Jaririn biri a jikin uwarsa yake kwana yake tashi, ba ta sakinsa sai an harbe ta. Naman uwar ne aka ɗaga mana ɗazu, ko na wata irinta. In ka biya yau, ka ba da kafin alƙalami na wani ke nan."

Muka tafi muka bar shi. Har muka shiga Ikom Kawu bai ce uffan ba. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, don dai wancan ɗan birin bai amfana da hikimarmu da komai ba. Sai dai ƙa'idar gidajen mafaka na gaskiya ke nan: ba sa sayen dabba. Ko hukuma ta ƙwace ta kawo, ko mai ita ya miƙa don kansa.

Mun kwana wurin 'yan'uwa fatake. Da aka gama sauke kaya muka kama hanyar Obudu, muka ratse zuwa ƙauyen Buanchor a ƙaramar hukumar Boki, aka ƙarasa da mu a kan acaɓa cikin jan laka. Kawu da ke dariya shi ne a gaba.

Wurin ana ce masa Drill Ranch, a gindin dutsen Afi. Ƙungiyar Pandrillus ke riƙe da shi, wadda wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka kafa. Sun iso Najeriya a 1988, suka buɗe cibiyar farko a Kalaba a 1991 saboda wani biri da ake kira dril. A duk duniya ba a samunsa a daji sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Bioko. Namijin ƙato ne, ya ninka tamatar, fuska baƙa wuluk tana sheƙi an zagaye ta da farin gashi, gindi kuwa shuɗi da ja. Wutsiya 'yar guntuwa. Kawu ya daɗe yana kallon wani babba da ya zauna a kan kututture mata da yara na kewaya shi, ya ce, "Wannan ai hakimi ne."

Abin da na fi so a wurin shi ne babu keji irin na gidan zoo. Yanki aka yanka na kurmi na ainihi, aka zagaye da waya mai lantarkin hasken rana, kowane garke da nasa. Ɗaruruwan dril ne, akasarinsu nan aka haife su, jikokin marayun farko. Wani lokaci ba ka ganin kowa sai rassa na motsi, sai lokacin abinci su ɓullo.

Dakta kuwa hankalinsa na kan abin da ba a gani. Ya ce sabon zuwa ba a jefa shi cikin garke. Sai an killace shi tukuna, an ɗebi jini, an duba tarin fuka da tsutsar ciki, domin birin da ya zauna a gidan mutane yana iya ɗauko cutar mutane, kuma tari ɗaya ya isa ya kwantar da garke. Bayan lafiya sai tarbiyya. Birin da ya tashi a ɗaure a bayan shago yana cin burodi bai san gaisuwar birai ba, bai san wa ake rusuna wa ba. A hankali ake haɗa shi da tsararrakinsa, ta bayan waya da farko.

Akwai kuma biri mai ganga, wato chimpanzee, a nasu shingen, kuma a nan na gane nauyin abin. Wannan halitta tana kai shekara 50. Wanda ya karɓi jaririnsa ya ɗauki alkawarin da zai iya wuce tsawon aikinsa, wataƙila har ransa. Mayar da su daji kuma ba buɗe ƙofa ba ne kawai, dole a sami kurmin da mafarauci ba zai biyo su ba.

Da dare, muna fama da sauro, hira ta koma kan waɗanda ake tsallakar da su ƙetare. Tun 1973 aka ƙulla yarjejeniyar CITES kan cinikin namun dajin da ke neman ƙarewa, Najeriya ma ta yi tata dokar a 1985, amma akwati bai daina fita ba. A 2001 an kama jaririn gorila da na biri mai ganga a filin jirgin Alƙahira, daga Najeriya, aka nutsar da su a ruwan magani don tsoron cuta. A 2002 an kai 'ya'yan gorila huɗu gidan zoo na Taiping a Malesiya da takardun da ke cewa a Ibadan aka haife su, alhali daga daji aka kamo su. Aka ɗauke su zuwa Pretoria ta Afirka ta Kudu a 2004, ba su taka Kamaru, inda ake zaton can aka kamo su, ba sai 2007, inda cibiyar kula da namun daji ta garin Limbe ta karɓe su. Fitar da su bai ɗauki komai ba, dawowarsu ta ci shekara biyar da takardun ƙasashe huɗu. Ko a Disambar 2024 an tsinci wani jaririn gorila a cikin akwati a filin jirgin Istanbul, ya taso daga Najeriya za a kai shi Tailan.

Kawu ya saurara, sannan ya faɗi abin da na san da yawa a gida za su faɗa: "Yanzu fisabilillahi, ga almajirai ba su ci ba, a zauna ana yanka wa biri gwanda?"

Ban raina tambayar ba. Ni dai a ganina wanda ya mayar da dabba marainiya ya ci bashinta, kuma yunwar yaro a Zariya ba kuɗin gwandar Boki ne ya jawo ta ba. Dakta ya tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Kawu ya ce wannan haka yake, amma bai sauka ba.

Da safe ne ya ga matan ƙauye suna shigowa da ayaba da rogo da ganye a ka, ana karɓa ana biyansu, ga samarin garin kuma su ne masu gadi da masu ba da abinci. Nan idon ɗan kasuwa ya buɗe. Ya bi su yana tambayar farashi da guntun Turancin buroka, har ya so ya ji ko birai na cin albasa.

Mun juyo ta Obudu da Vandeikya, jarkokin manja a baya. A Kwangila ya sauke mu, ya ce wa Dakta in ya sake komawa ya tambayar masa maganar gyaɗa, don ita ba ta lalacewa a hanya.