Lamba 7

Jiya na miƙa katina na bar kamfanin robar nan na Sharaɗa bayan shekara huɗu, kuma abu ɗaya ne ya biyo ni har gida.

Da aka sayo manhajar lura da injinan zuba roba, ni aka ɗora wa saita ta. Duk injin da ya tsaya, PLC, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa injin, zai aiko da saƙo, sai allon gefen injin ya nemi mai aiki ya zaɓi dalili: ɗauke wuta, canjin mol (mazubin da ke fitar da siffar bokiti), ƙarewar kaya, lalacewa. To in bai taɓa komai ba fa? Manaja ya ce in sa ta faɗa lamba 7, wato sakacin mai aiki. Na ce to. Ko minti biyu ban yi ina tunani ba.

Afrilu ya shigo da zafinsa, inji na 4 ya dinga tsayawa da dare. Mai kula da shi dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Bai yi boko ba, ni kuwa da Turanci na rubuta allon. In inji ya tsaya, hankalinsa na kan bokitin da ya maƙale a mol, ina ya ga ta allo? Ƙarshen wata manaja ya haska jadawali a bango gaban kowa, aka sallami Baba. Ya leƙo ofishina da hularsa a hannu ya ce, "Ɗana, wai kwamfutarka ce ta ce ina barci?" Na sunkuyar da kai.

An kawo sabon yaro, inji bai fasa tsayawa ba. Sai a lokacin na jera zanen zafin ruwan sanyaya mol da lokutan tsayawar. Ashe duk sanda aka koma janareta, na'urar sanyaya ruwan ba ta tashi da kanta. Ruwa ya ɗumame, roba ta ƙi sandarewa, bokiti ya maƙale. Bayanan nan suna cikin manhajar tun ranar farko, ni ne ban duba ba. Na kai wa manaja, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Wanda zai gaje ni, in ba a zaɓi dalili ba, bar shi a "ba a tantance ba", ko wa ya ba ka umarni. Kada ka fitar da rahoton tsayawa sai ka haɗa shi da zafi da matsin iska da ƙarfin wuta na wannan lokacin. Rubuta allon da Hausa. Dalilai kada su wuce goma. Duba agogon PLC bayan kowace ɗaukewar wuta.

Lamba 7 dai na goge ta da hannuna, ban nemi izinin kowa ba. An ce mini Baba yana gadi a wani gida a Ɗorayi. Na karɓi kwatancen, ranar Asabar zan je in Allah ya yarda.