Godiya bayan bikin autarmu, da ban haƙuri ga masu bina bashi

Assalamu alaikum jama'a. Sai yau Alhamis na ɗan dawo hayyacina, tun ranar Lahadi nake cewa bari in rubuta godiya amma da na ɗauki waya sai barci ya kwashe ni, muryar ma har yanzu bata gama dawowa ba. To Alhamdulillahi, an ɗaura auren autar gidanmu ranar Juma'a 10 ga Fabrairun 2023 a masallacin unguwarmu nan Ƙofar Marusa a Katsina, ranar Asabar muka kai ta ɗakinta a Daura, muka baro ta tana ta kuka kamar ba ita ke hana mu barci da waya da ango har sha biyun dare ba. Allah Ya basu zaman lafiya, Ya kawo zuri'a ɗayyiba, Ya jiƙan Baba da bai ga wannan rana ba.

Masu tambayata wai wane ne ya bamu shawarar sa biki ranar 10 ga Fabrairu, ranar da wa'adin tsofaffin kuɗi ke cika, wallahi ba da gangan bane. Tun watan Satumba manya suka zauna suka sa rana, aka ce a yi cikin Rajab kafin azumi ya matso kowa ya shiga hidimar kanshi. Sai ƙarshen Oktoba muka ji a rediyo wai za a canza fasalin 200 da 500 da 1000, muka ce to ina ruwanmu, ai wa'adin 31 ga Janairu ne, kafin biki komai ya lafa. Ashe mu ake jira. Ana gab da cikar wa'adin aka ƙara kwana goma, ya faɗo daidai kan ranarmu cif. Kuma saura kwana biyu biki kotun ƙoli ta ce a dakata da wa'adin, sai kasuwa ta rabu biyu, wannan ya karɓi tsohon kuɗi, na kusa da shi ya ce ko kyauta baya so. Ni dai a rayuwata ban taɓa zama mai kuɗi a waya kuma matsiyaci a aljihu ba sai wannan karon. Gudummawa ta shigo asusu Masha Allah, amma kuɗin Keke Napep zuwa Ƙofar Ƙaura sai na ranta wurin ɗana ɗan aji uku.

Godiyata ta farko ga 'yan layin banki. Ban san sunan yawancinku ba, lamba na sani. Kwana huɗu ina sallar asuba in wuce cikin sanyin nan da hazo, in tarar an riga an rubuta mutum ɗari da wani abu a takarda, ban san ko a can suke kwana ba. Akwai wani dattijo mai lamba 86 da ya ji ina waya da Inna kan maganar kuɗin niƙa, ya juyo ya ce yaro biki gare ka? Na ce eh Baba, na ƙanwata. Ya ce zo ka shiga wurina, ni dama fansho na zo dubawa kuma na san bai shigo ba, hira ce ta kawo ni. Ranar na samu dubu 5 bayan awa shida, na fito ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka ba kujerar Makka. Baba mai lamba 86, in wani ya karanta maka wannan, Allah Ya sa fanshon nan ya shigo har da ariyas.

Sai mai POS ɗin bakin layinmu. Kowa ya san yadda aka riƙa sayen naira da naira a kwanakin bikin nan, akwai inda aka ce in bada dubu 2 a bani dubu 10, na tsaya ina kallon yaron na ce kai ko kunya baka ji, ya ce Alhaji nima sayowa na yi a gidan mai. Amma namu na unguwa duk abin da ya samu da yamma sai ya ɓoye mani wani abu a ƙarƙashin teburi, bai taɓa ƙara mani ko sisi kan cajin da muka saba ba, har mutane suka fara zargin ko shi ne angon. Da maƙwabcinmu Ibo mai shagon kayan lantarki, shekararshi ashirin da wani abu a Katsina, Hausarshi ta fi ta wasunmu, shi ya kira ni da kanshi ya ce cinikin da ya yi na kwana uku gashi nan a leda, in tura mashi ta waya duk sanda sabis ya ga dama. Ya ce yarinyar nan a gabanshi aka haife ta, ba za a ji kunya yana unguwar ba. Na rasa abin da zan ce mashi, sai na ce Allah Ya saka, ya ce amin tun kafin in rufe baki.

Maganar san yanka kuwa, hmm. Mun je kara ni da Kawu, muka ga wani bajimi daidai aljihunmu, aka yi ciniki aka sallama, na ciro waya na ce Baffa kawo lambar asusu. Bafulatanin nan ya kalle ni sama da ƙasa ya ce shi san nan yana ganinshi da idonshi, nima ina ganinshi, to kuɗin ma yana so ya gansu da idonshi. Na ce ai alat zai shigo. Ya ce alat ɗin ɗan wane gari ne? Kawu ya yi lallashi har ya gaji, ya koma wasan Fulani da Barebari alhali ko Maiduguri bai taɓa zuwa ba, duk a banza. Wani dillali ne da bai sanmu ba bai san daga inda muka fito ba ya shiga tsakani, ya zagaya wurin 'yan uwanshi mahauta ya harhaɗo kuɗin hannu, tsofaffi da sababbi, Baffa ya zauna ya ware sababbin ya ƙirga sau uku ya ce tsofaffin a kai kasuwa. Sai bayan la'asar muka baro kara. Dillali, la'adarka da ka ce in bari sai bayan biki tana nan, ban manta ba.

Amma duk wannan wasa ne akan abin da ya faru wurin ɗaurin aure. Dangin ango sun iso daga Daura tun kafin a hau mumbari, da goronsu da alewa da dabino, sai dai sadaki dubu 100 sun ce sun yi iya yinsu basu haɗa kuɗin hannu ba, za a tura. To babu laifi. Aka idar da sallah, aka matso gaban liman, wakilin ango ya nema, Kawu ya bayar, aka ce sadaki fa? Yayan ango ya danna waya ya ce ya tafi. Kawu ya duba tashi ƴar ƙaramar, shiru. Aka jira. Can ya nuna mana an cire a wurinshi, nan kuma babu abin da ya shigo, kuɗi sun tsaya wani wuri tsakanin Daura da Katsina suna shan iska. Masallaci ya yi tsit, sai wani daga sahun baya ya ce to Malam wannan lakadan ne ko ajalan? Wallahi har liman sai da ya sa hannun riga ya rufe baki. Shi ne ya yi bayani cewa aure na ɗauruwa in an ambaci sadaki an amince ko da ba a miƙa shi nan take ba, ya tambayi Kawu ko ya yarda, Kawu ya ce ya yarda amma a bar mashi yayan ango jingina. Aka shafa fatiha ana dariya. Maroƙi kuma da ya tashi shela sai cewa ya yi an ɗaura akan sadaki dubu ɗari, yana hanya! Malam mun gode, Allah Ya ƙara ilimi, da wani ne mai zafi da sai an kai la'asar ana jiran sabis. Ga masu son jin ƙarshen labarin, kuɗin sun yi ribas ranar Litinin, aka sake turowa, sun shigo Talata da dare. Kwana huɗu amarya na ɗakinta sadakinta na yawo.

Bangaren mata ban shiga ba, uwargida ce ta bani rahoto. Ta ce wurin yini masu kiɗan ƙwarya sun zo da lambar asusu rubuce a jikin kwali sun jingina gaban ƙwarya, in waƙa ta yi daɗi sai ka ga mace ta ɗaga waya sama tana neman sabis maimakon liƙi. Gwaggonmu ta Ƙofar Sauri ita ce ta zo da sababbin 'yan 200 guda goma, ta liƙa, ta bi ta tsince abinta, ta sake liƙawa, har zagaye huɗu. Gwaggo Allah Ya bar mana ke. Matan unguwa da suka kwana suna tuƙin tuwo da suyar waina, masu aron tukwane da kuloli da tabarmi, waɗanda suka yi alkaki da nakiya da dubulan na gara ba tare da sun karɓi ko kwabo ba sai dai a ce in an samu, bani da bakin gode maku. Wuta kuwa kun san halin mutanen, tun daren Laraba suka ɗauke basu dawo da ita ba sai da aka kwashe kanofi, kamar an kai masu katin gayyata sun ga ranar. Abokina Banufe shi ya kawo janaretanshi har da mai rabin tanki a lokacin da ake kwana a layin gidan mai. Na gode ƙwarai, amma kada ka ɗauka wannan ya 'yanta ka, har gobe bawan Katsinawa kake.

Ranar kai amarya mota uku muka yi, da bas ɗin gara. Tafiyar da bata fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba ta ci mana kusan awa biyar. Mun wuce Mashi kaɗan bas ta fara hayaƙi, direba ya ce ba komai ruwa take so, aka bata ruwa, aka ƙara gaba kaɗan ta ce ita fa nan zata kwana. Fanbel ya tsinke. Ga magariba ta kawo jiki, ga tsofaffi a mota, ga buhunan shinkafa da jarkokin mai a bayanta, kuma ba sai na faɗa maku abin da ke zuwa ran mutum in dare ya same shi a hanya a jihar nan yanzu ba. Ina tsaye ina ta salati a zuci sai ga mutanen wani ƙauye da ke gefen titi sun fito, suka shimfiɗa wa mata tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, aka kawo ruwa da fura, wani saurayi ya hau babur ya koma Mashi ya ɗauko bakanike da fanbel ɗin a hannu. Da aka gama na ce nawa ne, bakanike ya faɗa, na ce sai dai tiransifa, ya yi dariya ya ce wayarshi ko rediyo bata kamawa. Ƙarshe da kwanon alkaki da 'yan cincin muka biya shi, ya ce ya ma fi, ko banza alkaki baya ribas. Saurayin babur ko kuɗin mai ya ƙi karɓa, wai ai amarya ta kowa ce. Dangin ango ku yi haƙuri, in kun ga alkaki bai cika ba to ga inda ya tafi.

Mutanen Daura kun karɓe mu kamar ba mu muka sa ku jira har goman dare ba, abinci da zafinshi, ba wanda ya ɗaure fuska. Daura ta Abdu tushen Hausa, mun shaida. Ga amanar marainiya nan mun baku. Tana da baki amma bata da mugunta, kuma in ta ce ta iya tuwon dawa kada ku yarda sai kun gani.

Akwai kuma waɗanda suka ce sun turo gudummawa tun ranar Talatar waccan, har hoton rasit suka turo mani, to har yanzu dai bata iso ba. Ban ce komai ba, na san halin sabis. Wasu kuma sabis ɗinsu tun bikin yayarta a 2019 yake ɗaukewa in an zo maganar gudummawa, su ma mun gode da addu'a. Waɗanda katin gayyata bai kai gare su ba laifina ne, kaina ya yi zafi, a yafe mani dan Allah. Mai kanofi da kujeru, mai niƙa, mai ruwan leda, mahaucin da ya yi fiɗa, duk kuna cikin littafi, ku ƙara mani kwana kaɗan. Kuma duk wadda ta tafi da kula ja mai murfi fari, ta Inna ce, ta ce in faɗa a nan kowa ya ji.

Na bar Hajiya Kaka a ƙarshe saboda ita ce ta ci wannan biki. Tun Disamba muke fama da ita ta fiddo kuɗinta na kwalla a kai banki, ta ce ita ta ga canjin Gowon daga fam da sule zuwa naira a 1973, ta ga na Buhari a 1984, ba yau ta fara jin wannan barazana ba. Da ƙyar ta bada 'yan dubu-dubu da 'yan ɗari biyar, ta ce shi kenan abin da ke akwai. Ranar biki muna ta neman na cefane tana zaune tana jan carbi ko uffan. Yau da safe, 16 ga Fabrairun 2023, shugaban ƙasa Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 ta dawo aiki har 10 ga Afrilu, ina shiga gaishe ta na tarar ta janyo wata kwallar daban daga ƙarƙashin gado wadda ko Inna bata san da ita ba, cike da tsofaffin 'yan 200 an ɗaɗɗaure su da ƙyalle. Na ce Hajiya ki ranta mani dubu 10 in sallami mai kanofi. Ta gyara zama ta ce nawa ne ma ka ce masu POS ke ɗorawa?